Ɗinki a kan fil: yadda ake kafa shi, yadda ake zare shi, da abin yi in allura ta fashe

Duk shekara in azumi ya shiga goman ƙarshe sai maganar nan ta ko za a iya bi ta kan fil da keken ɗinki ta dawo shagonmu a Aboabo cikin Kumasi, don lokacin ne kowa ke sauri, shadda da leshi sun cika tebur, masu kaya sai kiran waya suke, ga wuta ana ɗaukewa ana kawowa. Bana wata yarinya ce da ta zo mana daga wani shago don ta ƙarasa koyo, na juyo kawai na ga ta jera fil a gefen siket ta taka feda ta bi ta kansu fiii, na ce ke tsaya, wa ya koya miki haka? Ta ce "Masta, ai madam ɗinmu haka take yi, shekara ashirin tana ɗinki ba abinda ya taɓa samunta." Na ce toh madalla, rana dubu ta ɓarawo ce ai, zauna in nuna miki abinda ke faruwa a ƙarƙashin farantin nan da ba kya gani.

Amsar a gajarce dai ita ce a'a, kar ka bi ta kan fil, zare shi kafin ya shiga ƙarƙashin ƙafar keke, wato ƙarfen nan da ke danne yadi. Amma na san in na tsaya nan ba wanda zai bari, tunda kowa ya taɓa gwadawa ya wuce lafiya. Zan riƙa cewa "ka" ne don sauƙin rubutu, amma ƴan uwa mata masu ɗinka kaba da silit, wato riga da siket, da abaya har da ku nake, ku kuka ma fi mu amfani da fil.

Abinda ke faruwa a ƙasa

In allura ta sauka ta huda yadi ta shige ramin faranti, wato shafaffen ƙarfen da yadi ke kwanciya a kai, tana kai ƙarshe sai ta ɗan ɗago kamar milimita 2, zaren ya yi ɗan lanƙwasa a bayanta, daidai wannan lokacin tsinin ƙugiyar shatil, ƙarfen da ke juyawa a ƙasan faranti, yake zuwa ya wuce ta jikin allurar ya ɗauki zaren ya zagaya da shi bobin, abin da zaren ƙasa ke naɗe a jiki. Shi ne muke ce wa taimin. Tazarar da ke tsakanin tsinin ƙugiyar da jikin allura a keken Juki irin DDL-8700 da ya cika shaguna, daga 0.04 ne zuwa 0.1 na milimita, wato kaurin takardar littafi ɗaya ko ma ƙasa da haka. Kaga kenan allura ba ta buƙatar ta karye kafin ta ɓata maka aiki, ta ɗan karkace kaɗan yadda ido ma ba zai gani ba ya isa.

Yanzu yi lissafi da ni. Ɗinkin yau da kullum tsawon kowane taku kamar milimita 2.5 ne, fil ɗin da muke saya kaurinsa wajen 0.6. Raba ka gani, kusan duk fil huɗu da ka bi ta kai, ɗaya tsinin allura zai sauka a jikinsa. Abinda yasa ba kullum take karyewa ba shi ne fil zagayayye ne, sai tsinin ya zame ya goce gefe, ka ji ɗan "ƙyas" ka ce Allah ya kiyaye ka ci gaba. Toh wannan gocewar ita ce matsalar da nake so a gane. Duk gocewa ɗaya tsini na dakushewa, allura na ɗan lanƙwashewa, in ta goce da yawa ta daki bakin ramin faranti ta bar masa zazzaɓe mai kaifi, ko ta gogi tsinin ƙugiya. Bayan kwana biyu zare ya fara tsinkewa, keke ya fara tsallake ɗinki, shadda mai sheƙi ta fara fitar da zare-zare a layi, sai ka ce zaren nan na jabu ne, ko mai gyara bai iya aiki ba, alhali fil ɗin shekaranjiya ne.

Sai kuma ranar da ta sauka tsaf a tsakiya. Wannan Juki ɗin in an sake masa yana iya yin taku 5,500 a minti ɗaya, sama da 90 a daƙiƙa guda, ba wanda ke gudu haka a kan kaba na sani, amma ko rabinsa ka yi, ƙarfe ya haɗu da ƙarfe. Allura ƙarfe ne mai tauri da aka gasa, ba ta lanƙwasa sosai, fashewa take gida biyu ko uku, tsakiyar kuma ita ke tashi sama, mu kuwa duk mun san yadda muke sunkuyar da fuska kusa da allura in ɗinki ya yi wuya, musamman da dare in fitila ba ƙarfi. Ni kaina akwai ɗan tabo a ƙasan girata ta hagu tun ina yaron shago, da ya sauko yatsa ɗaya da yanzu wani labarin ake.

To me yasa manya suka yi ta yi ba abinda ya same su?

Gaskiya ba ƙarya suke ba. Yawancinmu da Butterfly na hannu muka fara, wanda iyaye ke saya wa yaro ranar da za a kai shi koyo, irin wanda masu yawon gyaran kaya ke ɗorawa a ka suna kaɗa almakashi a lungu. Wannan keken hannunka ne injinsa, in allura ta taɓa ƙarfe kana ji a tafin hannunka ka tsaya, gudunsa kuma bai kai ya harba guntun allura nesa ba. Har ma takardun bayani na tsofaffin kekunan Singer na gida sun yarda a yi ɗinki da fil a jiki, amma da sharuɗɗa: fil siriri, a saman yadi ba a ƙasa ba, a gicciye, tsininsa ya ɗan ciji layin ɗinki kawai kar ya ratsa ƙarƙashin ƙafa gaba ɗaya. Daga nan al'adar ta samo asali. Sharuɗɗan suka zube a hanya, al'adar ta biyo mu har kan keken lantarki mai gudu ninki biyar. Madam ɗin yarinyar nan da na bincika, ashe da keken hannu ta yi rabin shekarun nata.

Mataki na farko: rage fil ɗin tun kafin ka zauna

Yawan fil alamar ba a yi guga ba ne. Kalmasar ƙasan riga ko wando in ka ninke ka danne da dutsen guga mai zafi, atamfa irin GTP ko ATL da kanta take zama, fil biyu ko uku sun isa, wani lokacin ma ba ko ɗaya. Shadda mai sitati haka. Sannan ka saba da yin ƴar tsaga da bakin almakashi a gefen yadi wurin da gida biyu za su haɗu, tsakiyar hannu, ƙugu, gwiwa, ƴar ƙarama da bata kai layin ɗinki ba. In tsaga ta hau tsaga ka san kana daidai, ka riƙe da yatsu ka ɗinka zuwa ta gaba. A manyan masana'antun ɗinki haka suke haɗa dogon gefe, da wuya ka ga fil a hannun mai keke.

Fil ɗin ma a zaɓa. Wanda ya lanƙwashe a yar, wanda ya yi tsatsa a yar, kun san damshin Kumasi, fil ya kwana biyu a jikin farar shadda sai ya bar jan ɗigo da ba ya fita da wanki. Masu kai mai launi sun fi waɗanda ba kai sauƙin gani da sauƙin kamawa, sai dai mai kan roba yana narkewa in guga ta hau shi, mai kan gilashi shi ne baya narkewa. Na yadi mai laushi kamar shifon da satin nemi siriri na 0.5. In za ka shiga kasuwar Kejetia sayen zare ka duba wajen masu kayan ɗinki, ka buɗe kwalin ka gwada ɗaya a gefen rigarka, in yana turjiya kafin ya shiga tsininsa ba kyau, bar musu.

Mataki na biyu: yadda za ka kafa shi

Nan ne duk sirrin yake, don wanda ya kafa fil ba daidai ba dole ya bi ta kai tunda zarewar za ta zame masa wahala. Hanya uku ce nake amfani da su, ya danganta da aikin.

Ta farko a gicciye, wato fil ya ratsa layin ɗinki, kansa yana hannun dama ya ɗan leƙo waje da bakin yadi. In ka shimfiɗa aikin a keke jikin rigar na hagu, bakin yadi na dama, toh kawunan fil duk su kalli dama, hannunka na dama yana zarewa na hagu yana riƙe da yadi. Yara sabbin koyo kullum juyawa suke, su kafa a tebur kawuna na kallon cikin riga, in sun zo keke sai kan fil ya shige ƙarƙashin tulin yadi. Kafin ka kafa na farko ka tambayi kanka ta ina zan fara ɗinkin nan, wane gefe ne zai kasance a sama, shikenan.

Ta biyu a tsaye, fil ya kwanta a kan layin ɗinki kansa. Wannan yana da kyau in kana so a gwada riga a jiki kafin ɗinki, don yana nuna inda ɗinkin zai bi. Amma dole tsini ya kalli keke, kai ya kalle ka, yadda za ka jawo shi ta wajenka yana fita. In ka juya shi kan ne zai fara isa ƙafa ya toshe, kuma wannan fil ɗin ko da wasa ba a bi ta kansa, tunda a kan hanyar allura yake kwance daga farko har ƙarshe.

Ta uku ita na fi so a dogon ɗinki kamar labule, zanin gado, gefen jallabiya ko babbar riga: ka kafa fil can nesa da layi, kamar inci ɗaya da rabi zuwa cikin yadi ta hagu, yadda ƙafar keke za ta wuce ta gefensa ba ta taɓa shi ba. Ka yi gudunka yadda kake so, in ka gama ka zare su gaba ɗaya. Abin lura kawai kar kan fil ya maƙale a gefen ƙafa ya ja yadin ya karkace.

Ko wace hanya ka bi, fil a sama yake zama. Wanda ke ƙasa ba ka ganinsa, haƙoran keke masu jan yadi za su kama shi su ja, ya kankare faranti ko ya dakusar da haƙoran, wani lokacin ya lanƙwashe ya faɗa ciki wajen shatil.

Mataki na uku: zarewa

Kana ɗinki, idonka ba a kan allura yake ba, yana ɗan gaba da ƙafa inda yadi ke shigowa. In fil ya rage kamar faɗin yatsa ɗaya ya isa bakin ƙafa sai ka sassauta, ka tsaya, in da hali allura na ƙasa cikin yadi don kar aikin ya motsa, ka ɗora yatsan hagu a wurin ka danne, ka zare da dama, ka ci gaba. Kar ka zare tun yana nesa da inci uku, amfaninsa ya tafi kenan, yadin sama zai zame ya fi na ƙasa tsawo, don haƙora na jan na ƙasa ƙafa kuma na ɗan tura na sama baya. Kar kuma ka bari sai ya shige ƙarƙashin ƙafa kana fizga, in ya riga ya shige ka tsaya, allura a ƙasa, ɗaga ƙafa da gwiwa ko da hannu, zare, sauke.

A babban keke irin Juki ɗin nan ka tuna dunduniya ita ce birki, danna fedar ta baya ya tsaya cak. Masu tsohon moto mai kuloci, wanda ke ta gurnani ko ba a ɗinki, su suka fi shan wahala nan don da ka taɓa feda yake zabura, shi yasa yara ke jin tsoron tsayawa su gwammace su wuce kawai. In kana da hali ka canza zuwa sabon moto irin mara ƙara da ake saita masa gudu, yana rage cin wuta ma, mai mitar kati ya san abinda nake nufi. In ba hali, ka ce mai gyara ya sa maka ƙaramin fule a moton, wato ɗan garen da bel ke hawa, gudun zai ragu.

Da farko za ka ga kamar kana ɓata lokaci. Sati biyu kawai hannu zai saba har ka daina tsayawa gaba ɗaya, sassautawa kawai za ka yi fil ya fita.

Inda fil ɗin zai je in ka zare, wannan ma magana ce. Ba baki ba. Na san duk muna yi, ni ma sai da na yi da gaske na bari, amma mutum na riƙe da fil a leɓe wani ya yi masa magana, ko tari ya zo, ko dariya, ya ja numfashi fil ya wuce maƙogwaro, kuma likitoci sun san wannan sosai wajen mata masu riƙe fil a baki suna gyara hijabi, wani sai an zura na'ura har cikin huhu a ciro shi. Samu maganaɗisun tsohuwar lasifika wajen masu gyaran rediyo ka ajiye a ƙaramin faranti hannun dama, ko kallo ba sai ka yi ba, kana saki yana kamawa.

Wurin da yadi ba ya yarda a sake shi

Ga inda masu gardama ke da gaskiya kaɗan. Akwai wuraren da in ka zare fil komai ya goce: inda ɗinki huɗu suka haɗu a hammata ko tsakiyar wando, inda dat ɗin sama, wato ɗan ninkin da ake ɗinkewa don riga ta kama jiki, zai hau dat ɗin ƙasa a ƙugun kaba, kan hannu da aka ɗan tattara, ko kana haɗa zanen atamfa ko layin kente ya zo ɗaya a tsakiyar baya, wanda in ya goce da ƙwayar shinkafa ɗaya Hajiya za ta gani tun daga bakin ƙofa.

Abinda nake yi na farko shi ne in kafa fil biyu, ɗaya kafin mahaɗar ɗaya bayanta, maimakon ɗaya a tsakiya. In na zare na farko na biyun na riƙe har allura ta hau mahaɗar ta kama ta, sannan in zare shi. Ko kuma in sa fil a gicciye amma tsininsa ya tsaya kafin layin ɗinki, in alawus ɗinka, wato tazarar bakin yadi da layin ɗinki, rabin inci ne fil ya ciji yadi a cikin kwatan incin farko, kaga allura za ta wuce ta gaban tsininsa. In ƙafar ce ke hawa kansa, sa siririyar ƙafa irin ta zif.

In duk wannan bai yi ba, kamar satin mai santsi ko leshi da lainin, a yi takin da allurar hannu, manyan taku da zare mai wani launi, minti biyar ne. Yara na raina takin suna ganin aikin ƴan koyo ne, amma kayan amarya ni har gobe sai na yi. Wata dabarar kuma, ka fara ɗinke mahaɗar kaɗai da taku huɗu ko biyar masu tsawo, ka buɗe ka duba ta hau, sannan ka dawo ka yi dogon ɗinkin ba fil ko ɗaya.

Toh in ka rantse sai ka bi ta kan wannan fil ɗaya, ga yadda za ka yi. Ɗauke ƙafarka daga feda gaba ɗaya, ka ajiye ta a ƙasa. Kama wili, wato ƙarfen juyawa na dama da keke, da hannu ka juyo shi ta wajenka a hankali, taku ɗaya ɗaya, kana kallon tsinin allura ta gefe ba ta sama ba. In ka ga za ta sauka gaba ko bayan fil, bari ta sauka. In ka ga kansa ta nufa ko ka ji ta taɓa, kar ka tilasta, ɗan mayar da ita sama, ja fil ɗin baya kaɗan tsininsa ya fita daga hanya, sannan ka sauke. Fil ɗin ya zama siriri kuma a gicciye. Wannan ba gudu a ciki ba ƙarfin moto, mafi munin abinda zai faru tsinin allura ya dakushe.

Inda ba a ma tattaunawa

Keken obalok. Wannan wuƙa ce da shi guda biyu, ta sama da ta ƙasa, suna yanke bakin yadi kafin allura ta iso, gudunsa kuma ya fi na keken miƙe, wasu na kai 7,000 a minti. Fil ɗaya ya shiga ya ɓantare bakin wuƙa, daga ranar yadi zai riƙa fita a tattaune, guntun fil ɗin da aka datse kuma Allah kaɗai ya san inda zai nufa. In dole ne ka sa fil a aikin obalok to hanya ta uku, nesa can hagu, a tsaye. Haka zigzag da keken aiki na wuyan riga da allura mai baki biyu, duk inda allura ke yawo hagu da dama ko taku ya yi ƙanana sosai, damar haɗuwa da fil ta ninka.

Kuma ba fil kaɗai ne ƙarfe ba. Haƙorin zif na ƙarfe da ɗan makarin da ke ƙasansa, maɓallan ƙarfe na kusurwar aljihun jins in ana rage kayan fos wato gwanjo, da duwatsu da bid na jikin leshi, duk abu ɗaya suke wa allura. Leshi mai dutse kafin ka ɗinka ka bi layin da filaya ka fasa ko ka ciccire waɗanda ke kan hanya, ka rufe da ƙyalle lokacin fasawa don kar su tashi. Fata da leda da yadin rigar ruwa kuwa fil na bar musu rami har abada, a nan ƴan kilif ko ma abin shanya na roba sun fi.

In ta riga ta fashe

Kashe keke tukuna. In mai kuloci ne ka jira gurnanin ya mutu gaba ɗaya, don yana ci gaba da juyawa bayan an kashe, mutum na kwance allura ƙafarsa ta taɓa feda ya ɗinke yatsa. Kwance guntun da ya rage a sama, sannan ka nemo sauran ka jera su a tebur su haɗa allura cikakkiya, daga gindi har tsini. In ba su cika ba aiki bai ƙare ba: duba cikin yadin, musamman cikin kalmasa da tsakanin lainin, zare bobin da gidansa, kwance faranti, kwantar da kan keken ka haska da tocilan waya, bi da maganaɗisu. A masana'antun da ke ɗinka kayan fitarwa waje ba a ba ma'aikaci sabuwar allura sai ya kawo duk guntayen an manna a littafi, kayan kuma su bi ta na'urar gano ƙarfe, saboda guntun allura a rigar jariri ba ƙaramin abu ba ne. Mu ba mu da na'ura, haƙuri ne na'urarmu.

Daga nan ka shafa bakin ramin faranti da tsinin ƙugiya da gidan bobin da ɗan auduga ko tsohuwar safa mai laushi, duk inda ya kama akwai kaifi. Ƙarami ne, sanfefa mafi laushi za ta goge shi, a hankali. In tsinin ƙugiyar ne ya ɓantare kar ka taɓa, kira mai gyara.

Sa sabuwar allura, ka tura ta har ƙarshe kafin ka ɗaure. A babban keke allurar DBx1 gindinta zagayayye ne, dogon kwarin jikinta ya kalli hagu, ɗan lotsawar ta kalli dama wajen ƙugiya. A Butterfly na hannu gefen da ke shafaffe ya kalli dama wajen wili, a kekunan gida na zamani kuma ya kalli baya. Juya wili da hannu zagaye uku ko huɗu ba zare kana saurare, in ba abinda ke gogar wani sai ka sa zare ka gwada a ƙyalle ninki biyu. In da sabuwar allura, an sa ta daidai, amma yana tsallake ɗinki ko ya ƙi ɗauko zaren ƙasa, taimin ya goce ko sandar allura ta matsa sama, aikin mai gyara ne, kuma a satin Sallah kun san sai ka bi layi.

Ko bata fashe ba, in ka ji ta daki fil da ƙarfi ka cire ta ka duba. Mirgina ta a kan madubi ko fuskar waya, in mai shafaffen gefe ce ka kwantar da ita a kan gefen, karkatacciya za ta nuna kanta. Ja tsinin a kan farce, in yana karta a yar. In keke na "tuf tuf tuf" lokacin huda yadi ma ta dakushe. Masu ƙera allura cewa suke a canza bayan kamar awa 8 na ɗinki, mu nan sai ta karye muke canzawa, amma aƙalla in za ka hau shadda mai tsada ko satin sa sabuwa, lamba 11 ko 12 ga mai laushi, 14 ga atamfa da shadda, 16 zuwa 18 ga jins da fugu, rigar saƙi mai kauri.

In ta sami mutum

Ido: kar a murza, kar a hura, kar a ce za a ciro da hantsaki ko bakin ƙyalle ko maganaɗisu, kar a ɗiga nono ko ruwan sikari ko wani maganin gida. A kifa ƙaramin kofi mai tsabta a kan idon yadda ba zai danne shi ba, a manne da filasta, a tafi asibiti yanzu ba gobe ba, a nan Kumasi akwai sashen ido a asibitin Komfo Anokye. Ko mutum ya ce ai zafin ya ragu, in dai an ji abu ya shiga kuma ba a ga guntun allura ba a je a duba, ƙaramin ƙarfe na iya shigewa ciki ba jini, daga baya ya yi tsatsa ya ci ganin. Mai gilashin karatu ya riƙa ɗinki da shi a fuska, yana tarewa.

Yatsa: in allura ta shiga ta karye a ciki ko ta ratsa farce, a asibiti za a cire, hoto zai nuna ko da saura, a kuma tambayi maganar allurar tetanus. In ɗan suka ne kawai, wanke da sabulu da ruwa, a rufe, in ya fara kumburi ko zugi kar a tsaya ana gasawa da ruwan zafi kwana uku.

Kafin ka ninke kaya ka sa a leda, bi duk kalmasa da wuya da ƙugu da tafin hannu a hankali, sannan ka juya rigar ka sake bi, fil ɗin da aka ɗinke a cikin kalmasa ba ya fita sai an farke. Da yamma kuma kafin a shimfiɗa darduma a shago ko yaran makwabta su shigo ba takalmi, a ɗaure maganaɗisun nan da igiya a ja shi a ƙasa, ƙarƙashin keke da bakin ƙofa da cikin tarin ƙyallaye. Yarinyar da na faɗa muku ita na ba wannan aikin, ranar farko fil goma sha ɗaya ta tsinto da guntun allura biyu, ɗaya ma a ƙarƙashin kujerata.